Suna ɗaya cikin 400: yadda ake auna tasirin Francis Halzen da IceCube

Duk wanda ya buɗe takardar binciken IceCube, ƙatuwar na'urar da aka binne a ƙanƙarar ƙurewar kudancin duniya don kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, zai tarar sunayen marubuta sun cinye shafi guda, wani lokaci har da ɗoriya, kafin ya kai ga jimlar farko ta aikin. Mutum 300 zuwa 400 ne, an jera su bisa abacada. Shi ya sa ake ambaton takardun da "Aartsen da sauransu" ko "Abbasi da sauransu", alhali harafin farko na sunansu ne kawai ya kai waɗannan bayin Allah sahun gaba. Francis Halzen, wanda ya kawo shawarar binne irin wannan na'ura a ƙanƙara tun 1988 kuma shi ne ke riƙe da ragamar aikin a gaban masu ba da kuɗi, sai ka gangara layin "H" kafin ka same shi, a cakuɗe da ɗalibai.

Wannan tsari yana rikita duk mai son auna masani da yawan takardunsa ko yawan ambaton da aka yi musu. Ɗalibin da ya shiga ƙungiyar shekara biyar da suka wuce zai iya tara ambato dubbai ba tare da ya jagoranci takarda ko ɗaya ba, wanda kuwa ya shafe shekara uku yana tantance yadda haske ke tafiya a cikin ƙanƙara ba za ka iya tsamo shi daga jerin ba. Ma'aunin da ke aiki ga mai bincike shi kaɗai a ɗakinsa ba ya aiki a nan. Sai an san abin da aka gina, da inda aka yi tuntuɓe, da yadda ake yanke hukunci a cikin gida, sannan za a iya cewa ga rabon wane.

An haifi Halzen a garin Tienen na ƙasar Beljiyam a 1944. Ya yi digirin digirgir a Leuven a 1969, ya ɗan zauna a cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke Jeneba, sannan ya koma Jami'ar Wisconsin a Madison, Amurka, tun farkon shekarun 1970. Asalinsa mutumin alli da allo ne, mai lissafin ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Littafin da suka rubuta da Alan Martin a 1984, *Quarks and Leptons*, har yau ana koyarwa da shi. Ba injiniya ba ne, kuma har aka gama ginin IceCube bai taka ƙurewar kudancin duniya ba.

Abin da ake nema

Tun 1912 Victor Hess ya nuna cewa wasu ƙwayoyi masu tsananin kuzari suna faɗo wa duniya daga sama. Yawancinsu furoton ne, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, kuma wasu kuzarinsu ya ninka abin da babbar na'urar CERN mai ingiza furoton ke iya bayarwa sau miliyoyi. Ana auna wannan kuzari da TeV. Na'urar CERN tana ba kowane furoton TeV 6.8, PeV ɗaya kuwa TeV 1,000 ne. Matsalar ita ce furoton yana ɗauke da cajin lantarki, don haka maganaɗisun sararin samaniya yana karkata shi a hanya, kafin ya iso nan ya ɓatar da sawu. Hasken gamma, wato wani haske mai tsananin kuzari da ido ba ya gani, yana tafiya a miƙe, sai dai mai kuzari sosai ba ya nisa, domin yana karo da raunanan hasken da ya cika sarari ya tarwatse.

Saura nutirino. Ba shi da caji, nauyinsa kamar babu, kuma duk inda furoton mai kuzari ya daki iskar gas ko haske, ana haifar nutirino a wurin. Ke nan idan aka gano inda nutirino ya fito, an gano inda ake ingiza furoton. Sai dai abin da ya sa yake isowa lafiya shi ne ya sa kama shi ke da wuya: wajen biliyan 65 daga rana kaɗai ke ratsa kowace murabba'in santimita ta jikin mutum a daƙiƙa guda ba tare da ya ji ko ɗar ba. Moisey Markov na Tarayyar Sobiyet ya ba da dabarar a 1960: a zura idanun lantarki cikin ruwa mai zurfi da duhu, a jira nutirino ɗaya cikin ɗimbinsu ya yi karo da zarra. Karon kan fitar da ƙwaya mai caji, misali miyon, wadda ke gudu fiye da yadda haske ke gudu a cikin ruwan, sai ta bar shuɗin haske a bayanta, wanda ake kira hasken Cherenkov. Lissafi ya nuna sai an sa ido a kan abin da ya kai kilomita guda tsawo, faɗi da zurfi kafin a samu 'yan ƙwayoyi a shekara. Amurkawa sun gwada a tekun Hawaii da shirin DUMAND, teku ta yi ta cin kayansu, aka rufe shirin a tsakiyar shekarun 1990.

Kumfar da ta kusa kashe shirin

A 1987 Halzen ya je ba da lacca a Jami'ar Kansas, wani masani mai aiki a Antatika, Edward Zeller, ya ba shi labarin yadda Rashawa ke shirin sauraron nutirino da eriyar rediyo a ƙanƙarar can. Daga nan reshe biyu suka fito. Na farko shi ne lissafin da ya yi da Enrique Zas da Todor Stanev, wanda ya fito a 1992, a kan irin ƙarar rediyon da karon nutirino ke yi a cikin ƙanƙara. Masu farautar nutirino da eriya har yanzu a kansa suke ɗora gini. Na biyu shi ne takardar da suka gabatar da John Learned a 1988, cewa a bar teku a binne idanun a ƙanƙara: ba igiyar ruwa, ba halittu masu walƙiya, kuma mutum zai tsaya a kan tudu ya yi aikinsa.

Aka gwada a Girinlan a 1990, aka ga hasken miyon a ƙanƙara. Sai shirin AMANDA, na'urar gwaji da ta gabaci IceCube a ƙurewar kudu, ya kankama, da mutanen Wisconsin irin su Bob Morse, da na Berkeley ƙarƙashin Buford Price, daga baya Stockholm da Uppsala na Suwidin da cibiyar DESY ta Zeuthen a Jamus suka shigo. A kakar 1993 zuwa 1994 suka zura igiyoyi 4 zuwa zurfin mita 800 zuwa 1,000. Abin da suka tarar ya kusa sa a naɗe tabarma. Ƙanƙarar cike take da ƙananan kumfar iska da dusar ƙanƙara ta danne tun dubban shekaru, kowace kumfa tana karkata haske. Haske ba ya yin mita guda a miƙe sai ya sauya hanya, kamar fitilar mota a cikin hazon hunturu: ka san akwai haske, amma ba ka san daga ina yake ba. Na'urar da ba ta iya nuna alƙibla kuwa ba ta da amfani ga mai neman tushe.

Amma a cikin wannan asara an tsinci abu biyu. Hasken, duk da yawon da yake yi, ba ya mutuwa da wuri, yana iya tafiyar fiye da mita 100 kafin ƙanƙara ta shanye shi, wanda ya nuna tsabtarta ta wuce yadda kowa ya zata. Sannan masana ƙanƙara sun san cewa idan nauyi ya yi yawa, iskar kan narke ta shige cikin ƙirar ƙanƙarar, kumfa ta ɓace. Aka sake komawa a 1995 zuwa 1996, aka gangara mita 1,500 zuwa 2,000, aka tarar kumfar ta ƙare daga wajen mita 1,400. Zuwa shekarar 2000 AMANDA ta kai igiya 19 da idanu 677, a 2001 kuma mujallar *Nature* ta buga shaidar cewa an kama nutirino a ƙanƙara. Ba na nesa ba ne, na sararin duniyarmu ne, amma dabarar ta tabbata.

A ganinmu mafi girman rabon Halzen yana cikin waɗannan shekaru: riƙe ƙungiya da masu ba da kuɗi bayan gwajin farko ya faɗi. Babu wata ƙidayar ambato da za ta nuna wannan.

AMANDA ta koyar da wani darasi. Tana turo siginar kowane ido ɗanye ta wayar da ta kai kilomita 2, kafin ya iso sama ya baje, lokacinsa ya dagule. Dave Nygren na ɗakin binciken Lawrence Berkeley ya dage cewa a sa ƙaramar kwamfuta da agogo a cikin kowane ido, a mayar da siginar lambobi tun a ƙasa. Aka gwada a igiya ta 18 ta AMANDA, ya yi, IceCube ta ɗauka.

Carbi 86 a cikin ƙanƙara

Kowane ido tulun gilashi ne mai faɗin santimita 33, a cikinsa akwai bututun Hamamatsu mai faɗin inci 10 da ke iya jin ƙwayar haske ɗaya tak, da allon lantarki, da ƙananan fitilu 12 na gwaji. Ana jera tulu 60 a igiya kamar carbi, mita 17 tsakanin kowane biyu, daga zurfin mita 1,450 zuwa 2,450. Igiyoyi 86 aka saka zuwa 2010, yawanci mita 125 tsakaninsu, tulu 5,160 ke nan. Igiya 8 a tsakiya an matse su don kama masu ƙaramin kuzari. An haɗa tulunan a Wisconsin da Zeuthen da Suwidin, kowanne sai da ya kwana a firiza ana gwada shi kafin a ɗora shi a jirgi.

Da ruwan zafi ake haƙa ramin. Injin mai ƙarfin megawat 5 yana tura wajen lita 760 a minti, da zafin digiri 88, ta cikin tiyo guda mai tsawon fiye da kilomita 2.5. Mita 50 na sama dusa ce mai shan ruwa kamar yashi, don haka da wata na'ura daban ake narka ta. Rami mai faɗin santimita 60 yana cin kusan kwana biyu. Da an zare tiyo ruwan ya fara daskarewa daga gefe, ramin yana tsukewa, ma'aikata kuma suna da wajen awa 11 na ɗaura tulu 60 ɗaya bayan ɗaya a zura. Idan aka yi jinkiri igiya ta maƙale a hanya, kuma hakan ya taɓa faruwa da wata igiyar AMANDA, wadda ta daskare ɗaruruwan mita sama da inda aka nufa. Bayan ramin ya rufe babu gyara har abada. Duk da haka fiye da kashi 98 cikin 100 na tulunan suna aiki.

Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu kawai ake iya aiki a can, kuma a lokacin ginin jirgin sama mai takalmin sulɓi ne ke kawo kayan aiki daga sansanin McMurdo da ke gaɓar Antatika. Igiya ɗaya tak aka iya sakawa a Janairun 2005. Kaka ta biyu 8, sai 13, 18, 19, 20, sannan 7 na ƙarshe, aka rufe a ranar 18 ga Disamba 2010. Kuɗin ya kai dala miliyan 279, wajen 242 daga Hukumar Kimiyya ta Amurka, saura daga abokan tarayya, musamman Jamus da Suwidin da Beljiyam. Mutum biyu ke kwana da na'urar duk tsawon hunturun can, lokacin da jirgi ba ya sauka.

Aikin da ya fi cin rai bai ƙare da haƙa ba. Ana gane alƙiblar miyon ne daga lokacin da haske ya isa kowane tulu, da daidaiton da ya kai nanosakan 2 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), a cikin nanosakan ɗaya kuwa haske yana tafiyar santimita 22 a ƙanƙara. Amma ƙanƙarar ba iri ɗaya ba ce. A zurfin mita 2,000 zuwa 2,100 akwai shimfiɗar ƙura da ta sauka wajen shekara 65,000 da suka wuce, tana dushe haske ƙwarai. Shimfiɗun ba a kwance suke daidai ba, sun karkata. Ruwan da ya sake daskarewa a rami ya tara kumfa a tsakiyarsa, daidai gaban idon tulu. Da aka yi ta kunna fitilun gwaji kuma sai aka ga haske ya fi son bin ɓangaren da ƙanƙarar ke malala, don tana tafiyar kusan mita 10 a shekara, kuma an ɗauki shekaru kafin a gane cewa ƙirar ƙwayoyin ƙanƙarar ce ke lanƙwasa shi. Duk kuskure a nan yana karkata alƙiblar da aka auna, tushe kuma ya ɓace a cikin hayaniya.

Allura cikin ruwa

A kowace daƙiƙa miyon kusan 3,000 ne ke ratsa na'urar daga sama, dukansu daga karon ƙwayoyi da iskar duniya. A shekara sun kai biliyan 100. Nutirinon da aka haifa a iskar duniya wajen 100,000 ne a shekara. Na nesa, waɗanda dominsu aka yi ginin, ba su wuce gomiya zuwa 'yan ɗaruruwa ba. Kusan terabayit ɗaya ake tarawa a rana, kwamfutocin can su tace su turo wajen gigabayit 100 ta tauraron ɗan'adam, saura a jira jirgi.

Mai neman abu kaɗan a cikin tuli irin wannan yana iya yaudarar kansa ba da gangan ba: ya yi ta gyara matatarsa har sai ta fitar masa da abin da yake so. Don haka dokar gida ita ce a tsara bincike ido rufe. Mai bincike yana gina hanyarsa da bayanan kwaikwayo na kwamfuta da kashi 10 cikin 100 na bayanan gaske, ko kuma da bayanan da aka hautsina alƙiblarsu. Ya rubuta matakansa duka, rukunin aikinsa su tattauna, a naɗa masu bita daga wasu jami'o'i, sai an amince sannan a buɗe. Abin da ya fito shi za a buga, ko da babu komai. Kuma an sha buga babu komai: a 2012 *Nature* ta fitar da sakamakon cewa ba a ga nutirino tare da fashewar hasken gamma ba, wanda ya raunana ra'ayin da manyan masana suka daɗe a kai cewa can ne tushen.

A wannan shekarar ce Aya Ishihara ta Jami'ar Chiba a Japan, tana neman wani abu daban mai kuzari fiye da haka, ta ci karo da ƙwaya biyu, kowace sama da PeV ɗaya. Dukansu a cikin na'urar suka fara, ba daga waje suka shigo ba. Wannan ya ba wasu matasa uku da ke Madison a lokacin, Nathan Whitehorn da Claudio Kopper da Naoko Kurahashi Neilson, dabara: a mayar da tulunan gefe masu gadi. Duk abin da ya haska mai gadi kafin ya shigo, miyon ne, a jefar. Abin da ya tashi daga ciki shiru, da haske mai yawa, nutirino ne. A bayanan kwana 662 suka samu 28, alhali iskar duniya ba za ta ba da fiye da wajen 11 ba. *Science* ta buga a Nuwamban 2013. Da aka ƙara shekara guda suka zama 37, ƙarfin shaidar ya kai sigma 5.7.

Sigma ita ce ma'aunin yiwuwar a ce sa'a ce kawai ta haifar da abin da aka gani. Sigma 3 kusan sau ɗaya ne cikin 740, sigma 5 kuwa sau ɗaya cikin miliyan 3.5, kuma sai an kai 5 ake cewa an gano. Mai karanta labarin wannan fanni ya riƙe waɗannan lambobi, don kanun jarida ba sa bambanta su.

Daƙiƙa 43

Tun 2016 kwamfutocin ƙurewar kudu ke aika sanarwa kai tsaye ga masu na'urorin hangen nesa a duk duniya idan suka ga ƙwaya mai alamar ta nesa ce. Ranar 22 ga Satumba 2017, ƙarfe 8:54 na dare agogon GMT, wani miyon ya ratsa na'urar, daƙiƙa 43 bayan haka sanarwa ta fita. An ƙiyasta kuzarin nutirinon da TeV 290, yiwuwar cewa na nesa ne kuma kashi 56 cikin 100 kacal.

Na'urar hango hasken gamma ta H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya ta juya cikin awa huɗu, ba ta ga komai ba. Takwararta VERITAS a Arizona ma haka da farko. Ranar 28 ga wata Yasuyuki Tanaka na Jami'ar Hiroshima, yana duba bayanan tauraron ɗan'adam na Fermi mai auna hasken gamma, ya lura cewa a daidai wurin akwai wata bilaza mai lamba TXS 0506+056 da ta yi watanni tana ƙara haske. Bilaza galaksi ce, wato babban tarin taurari, mai ƙaton baƙin rami a tsakiya, wanda ke fesa wuta ta wani siririn bututu da ya saitu da mu. Sai na'urar MAGIC da ke tsibirin La Palma ta kama hasken gamma mai kuzari sosai daga gare ta. Nisanta ma ba a sani ba, sai da Simona Paiano da abokanta suka auna shi da madubi mai faɗin mita 10.4 a wannan tsibiri: hasken ya yi tafiyar kusan shekara biliyan 4. Takardar da ta haɗa wannan duka ta fito a Yulin 2018 da marubuta kusan dubu.

Da tsohuwar zuma ake magani: IceCube ta koma rumbunta, ta tarar tsakanin ƙarshen 2014 da farkon 2015 an samu rarar nutirino wajen 13 daga wannan alƙibla. Amma a dubi lambobin. Haɗuwar 2017 sigma 3 ce, rarar 2014 sigma 3.5. Sannan a lokacin rarar bilazar ba ta wani tashi da hasken gamma ba, kuma masu lissafi sun kasa samar da tsari ɗaya da zai fitar da nutirino 13 ba tare da ya fitar da hasken eksire fiye da wanda aka gani ba. Sanarwa da dama sun biyo baya, babu wadda ta maimaita irin wannan dace. Wani binciken IceCube na 2017 ma ya nuna bilazojin da Fermi ta lissafa ba za su ba da fiye da kashi 27 cikin 100 na nutirinon nesa ba. Gaskiya an ɗan cika gishiri a shagalin 2018. Abin da ya tabbata a ranar shi ne na'urori kusan 20, a ƙasa da sama, za su iya ajiye jadawalinsu su bi sanarwa guda, kuma wannan kaɗai ya sauya yadda ake aiki a fannin.

Shaida mafi ƙarfi ta zo ba hayaniya. Wata galaksi mai lamba NGC 1068, tafiyar haske ta shekara miliyan 47 daga nan, ta nuna sigma 2.9 a binciken 2020. Ƙungiyar Elisa Resconi a Munich da abokansu suka sake tace bayanan 2011 zuwa 2020 da sabon gyaran tuluna da ingantaccen lissafin alƙibla, suka samu nutirino wajen 79. A wannan wuri shi kaɗai shaidar ta kai sigma 5.2, amma tun da tushe 110 aka rubuta a jerin kafin a buɗe bayanan, dole a biya kuɗin yawan gwaji, kamar wanda ya jefa kuri'a sau 110 ba zai yi mamakin ya ci sau ɗaya ba. Sai ta sauko 4.2, kuma wannan aka buga a Nuwamban 2022. Abin da ya ɗaga hankalin masu lissafi shi ne MAGIC ba ta ga hasken gamma mai irin wannan kuzari daga can ba. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda irin su Kohta Murase da Yoshiyuki Inoue suka yi aiki a kai, shi ne nutirinon yana fitowa daga dab da baƙin ramin, inda hasken eksire ya yi kauri har gamma ba ya iya fita. Idan haka ne, shekarun da aka yi ana neman tushe a cikin jerin masu hasken gamma, an yi ta neman abu inda ba a ajiye shi ba.

A Yunin 2023 kuma aka ga nutirino daga galaksinmu da kanta, da sigma 4.5. Tsakiyarta a saman kan na'urar take, inda ruwan miyon ya fi zuba, don haka Kurahashi Neilson, wadda ta koma Jami'ar Drexel, da ɗalibinta Steve Sclafani, da Mirco Hünnefeld na Dortmund suka bar dogayen sawun miyon suka kama nutirinon da haskensu ke fashewa kamar ƙwallo, waɗanda alƙiblarsu ke da kuskuren digiri 10 zuwa 15. Da koyar da kwamfuta suka rage kuskuren, suka tara wajen 60,000 a shekara goma.

To, wa ya yi aikin?

Za a iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tun da kyaututtukan suna zuwa da sunan Halzen: Balzan a 2015, Bruno Rossi a 2021, ko da yake ta biyun an haɗa da ƙungiyar. Amma tsarin cikin gida ya raba iko. Halzen shi ne mai amsa tambaya a gaban hukumar da ke ba da kuɗi. Harkar kimiyya kuwa tana hannun kakakin da jami'o'in ke zaɓa, kuma an yi Olga Botner ta Uppsala, da Darren Grant, da Ignacio Taboada. Jami'o'i sama da 50 ne a ƙasashe 14, kowace tana zuba kuɗi a asusun gudanarwa da kuma hidima, irin su gadin na'ura da gyaran manhaja, kafin mutanenta su shiga jerin marubuta.

Mai son sanin haƙiƙanin rabon wani a irin wannan taro, ko don ɗaukar aiki ko don ƙarin girma, akwai inda zai duba. Rumbun takardun kimiyya na INSPIRE yana ba da damar ware takardun da marubutansu ba su wuce 10 ba, a nan ake ganin tunanin mutum na kansa. Ga Halzen, nazarin da suka yi da Tom Gaisser da Stanev a 1995 yana cikin waɗanda suka kafa hujjar cewa kilomita guda ake buƙata. Takardun babban taron duniya na fannin, da ake yi duk shekara biyu, suna ɗauke da sunan wanda ya gabatar da kowane bincike. Kundin digirin ɗalibi yakan faɗi ainihin abin da ya yi da hannunsa. Shugabancin rukunin aiki ma shaida ce, don 'yan'uwansa ne suka ga ya cancanta. Inda duk waɗannan suka gaza, wato ga masu gyaran tulu da nazarin ƙanƙara, sai wasiƙar wanda ya san aikin daga ciki.

Tasirin aikin gaba ɗaya kuma ana ganin sa ne a wajen waɗanda ba 'yan gida ba. IceCube ta saki bayanan shekara goma ga kowa a 2021, masu bincike na waje suna ta sake tace su. Na'urar tafkin Baikal a Rasha ta ga nutirinon nesa da kanta da sigma 3, shaida mai zaman kanta daga ruwa maimakon ƙanƙara. Ana shirin wasu na'urorin irinta, P-ONE a tekun Kanada da TRIDENT a tekun kudancin Sin, IceCube kanta tana neman kuɗin faɗaɗawa zuwa ninki takwas.

A Bahar Rum kuwa ana gina wata na'urar nutirino, KM3NeT, wadda jami'o'in Maroko da Aljeriya da Afirka ta Kudu ke ciki. Ranar 13 ga Fabrairu 2023, da igiya 21 kacal cikin 230 da aka tsara, a zurfin mita 3,450 kusa da Sisili, ta kama miyon da ya nuna nutirino mai kuzarin wajen PeV 220. An buga shi a *Nature* a Fabrairun 2025. IceCube ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ta kuma fi shekara goma tana sauraro, amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya mai wannan kuzari ba. Saɓanin da ke tsakanin sakamakon biyu ya kai sigma 2.5 zuwa 3, kuma har yanzu ba a gano tushen da ƙwayar ta fito ba.